Bayan Tseren Legas: Ta Ina Zan Koma Atisaye, Kuma Wane Buri Zan Sa a Gaba?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a cikin birnin Katsina, shekaruna 36, kuma kusan shekara biyu ke nan ina fita gudu bayan sallar Asuba. A watan Fabrairu na je Legas na shiga tseren fanfalaki na kilomita 42, karona na farko, na kuma kammala cikin awa 4 da minti 48, ko da yake daga kilomita na 32 zuwa ƙarshe rabi gudu rabi tafiya na yi. Da na dawo gida na huta mako biyu, sai azumi ya kama, ban sake sa kambas ba sai bayan Sallah. Makon jiya na fita da niyyar yin kilomita 15 da saurin da na saba, amma ko takwas ban kai ba numfashina ya sarƙe, kuma tun ranar nake jin ciwo a ƙwaurina na hagu, musamman idan ina hawa matakala. Gaskiya gwiwata ta yi sanyi, har fitar asubar ma ta zame mini aiki. Burina in koma Legas baɗi in gama ƙasa da awa 4, ga kuma abokan guduna suna matsa mini mu je tseren Okpekpe a watan Mayu. Shin wahalar da na sha ta tafi a banza ke nan? Ta ina zan fara?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai ina taya ka murna, domin wanda ya tashi daga Katsina ya je ya cinye kilomita 42 da mita 195 a kan ƙafarsa ya cika abin da ya ɗauka, ko da kuwa da tafiya ya ƙarasa. Wahalarka ba ta tafi a banza ba, kuma zan kawo maka dalili. Sai dai shawarata tana da ɗaci a wuri biyu: ka haƙura da Okpekpe a bana, sa'annan ka jingine maganar awa 4 har zuwa watan Nuwamba, lokacin da za ka sami gwajin da zai nuna ko ta dace da kai. A yanzu babu abin da ka ɗora wannan adadi a kansa illa sha'awa, kuma sha'awar ce ta fitar da kai neman kilomita 15 bayan kusan mako bakwai ba ka yi gudu ba.

Mu fara da ƙwaurin, domin shi zai yanke ranar komawarka. Ciwon ƙwauri a wurin masu gudu yawanci iri biyu ne, kuma kana iya fara bambance su da yatsanka. Ka zauna ka bi gefen ƙashin ta ciki kana dannawa, daga idon sawu zuwa sama. Idan zafin ya bazu a wuri mai tsawo, kamar faɗin tafin hannu ko fiye, kuma yakan lafa idan jiki ya ɗumama, to galibi ƙashin ne da naman da ke manne da shi suka gaji, kuma hakan yakan wuce idan an rage musu aiki na mako biyu ko uku. Idan kuwa zafin ya tattaru a wuri ɗaya da kan yatsa zai rufe, yana ƙaruwa yayin da kake tafiya, yana damunka da dare kana kwance, ko kuma ka kasa yin tsalle da ƙafar ita kaɗai, to ana tsoron ƙashin ya soma tsagewa, irin tsagewar da ke zuwa a hankali saboda yawan dukan ƙasa, ba tare da mutum ya faɗi ko an buge shi ba. Wannan na biyun aikin likita ne, don haka sai ka nufi sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ko babban asibitin da ya fi kusa da kai. Ka kuma sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagewa a mako biyu ko uku na farko. Saboda haka idan an ce hoto bai nuna komai ba alhali ciwon yana nan daram a wuri ɗaya, kada ka ɗauka an ba ka izinin gudu. Likita zai iya cewa a sake hoton daga baya ko a yi na MRI, wato hoton na'urar da ke nuna cikin ƙashi da nama dalla-dalla. Tsagewa irin wannan takan ci mako shida zuwa takwas babu gudu, wani lokaci ma fiye, kuma murza wurin da ƙarfi da sunan jan targaɗe ba ya ƙara mata komai sai wahala.

Abin da na fi jiye maka a wannan gaɓa shi ne kemis. Al'ada ce da ta yi yawa a tsakanin masu motsa jiki mutum ya haɗiyi ibuprofen ko diclofenac ya fita, don kada ciwo ya hana shi. Maganin yana ɓoye alamar da za ta tsayar da kai kafin ɓarna ta yi nisa, sa'annan irin waɗannan magunguna suna takura wa ƙoda, musamman a jikin da ya yi gumi mai yawa ruwansa ya ragu. Duk gudun da sai da maganin ciwo za ka iya yin sa, to bai kamata ka yi shi ba a ranar.

Yanzu ga abin da tseren ya yi wa jikinka. Wanda ya shafe kusan awa biyar a kan hanya ya yi taku sama da dubu 40, kuma a kowane taku ƙafa tana karɓar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1985, an riƙa cirar ɗan mitsitsin nama daga sha-raɓar 'yan tsere 40 ana dubawa a madubin likita, aka ga zaren tsoka sun yayyage a kwanakin farko bayan tsere, gyara ya kankama cikin mako guda, amma alamun sabuntawa ba su gushe ba har mako takwas zuwa goma sha biyu. Garkuwar jiki ma takan jigata: bayan tseren Los Angeles na 1987 an ƙirga cewa kusan kashi 13 cikin 100 na waɗanda suka yi gudun sun kamu da mura ko makamanciyarta a makon da ya biyo baya, alhali a cikin waɗanda suka yi atisaye amma ba su shiga tseren ba, kashi 2 ne da ɗoriya. Wannan ne ya sa masu horarwa suka daɗe suna riƙe da ƙa'idar da ake dangantawa da Jack Foster na New Zealand, mutumin da ya gama tseren fanfalaki cikin awa 2 da minti 11 yana da shekara 41, cewa kowane mil ɗaya da aka yi tsere a kansa yana bin mutum bashin yini ɗaya na sassauci, wato kwana 26 ke nan ga tseren fanfalaki. Ko Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya kafa tarihi a Berlin a 2022 da awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9, kuma ba shi da wata sana'a sai gudu, a mafi yawan shekarunsa tsere biyu kacal yake shiga. To ka ga hutun da ka yi na mako biyu daidai ne, azumin da ya biyo baya kuma ya ƙarasa maka biyan wancan bashi. Raunin Legas ya warke. Abin da ke damunka yanzu daban ne, shi ne tsawon zaman da ka yi.

An auna abin da zama yake ragewa. A 1984 wani mai bincike Ba'amurke, Edward Coyle, da abokan aikinsa sun sa ƙwararrun masu atisaye suka daina kwata-kwata, sai aka ga ƙarfin jikinsu na amfani da iskar da suke shaƙa ya ragu da kashi 7 cikin 100 a kwana 21 na farko, ya kai kashi 16 bayan kwana 56, daga nan kuma ya tsaya. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ko bayan kwana 84 sun fi mutanen da ba su taɓa atisaye ba nesa ba kusa ba, kuma ƙananan hanyoyin jinin da atisaye ya ƙara musu a cikin tsoka suna nan ba su ɓace ba. Babban abin da ke saurin raguwa shi ne yawan ruwan da ke cikin jini, wanda idan ya ragu sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri don ta biya buƙata, mutum ya ji numfashinsa yana sarƙewa. Shi ne kuma abin da ya fi saurin dawowa idan an koma. Ka haɗa da cewa saurin da ka saba da shi a sanyin Janairu ka same shi, yanzu kuwa ka je nemansa a tsakiyar bazara, da jikin da ya fito daga wata guda na sauyin abinci da ƙarancin barci. Da ka kai kilomita 15 a ranar da shi ne abin mamaki.

Haɗarin yana nan gaba kaɗan. Nan da mako uku ko huɗu numfashi zai dawo, za ka ji kamar ka koma yadda kake, alhali ƙashi da jijiyoyi, musamman agara da na tafin ƙafa, sun fi zuciya da huhu jinkirin sabawa da nauyi ƙwarai da gaske. Maginin laka ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska, komai kyawun kwaɓin da ke gabansa, kuma a wannan lokaci ne yawancin masu dawowa daga hutu suke ji wa kansu.

Ga yadda nake ganin ya kamata ka koma, da sharaɗin ƙwaurin ya bar ka ka yi tafiya mai sauri ta minti 30 da tsalle a ƙafa ɗaya ba tare da zafi ba. A mako biyu na farko ka fita sau uku kawai a mako, kana tsallake yini, minti 20 zuwa 30 a kowace fita, kana yin sassarfa ta minti huɗu sa'annan tafiya ta minti ɗaya. Ka riƙa ƙirga minti, ka manta da kilomita da manhajar wayar da ke auna sauri, domin kallon wannan adadi ne zai riƙa tunzura ka kana gwada yau da watan Janairu. Ma'aunin saurinka shi ne hira: idan ba za ka iya yi wa na kusa da kai magana cikakkiya ba tare da yankewar numfashi ba, to ka wuce ƙima. A mako na uku da na huɗu sai ka cire tafiyar ka yi minti 30 zuwa 40 a jere, idan kuma ƙafa ta yi shiru ka ƙara rana ta huɗu. Daga nan ka riƙa ƙari kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ka yi a makon baya. Wannan adadi al'adar masu horarwa ce kawai, amma tana da amfani domin tana taka wa zumuɗi birki. Duk mako na huɗu kuma ka rage aikin da kashi ɗaya cikin huɗu, don jiki ya cim ma abin da aka ɗora masa. Maganar gudun sauri ka bar ta sai ka yi mako shida babu ciwo, sa'annan ka soma da ɗan zabura na daƙiƙa 20 sau huɗu ko biyar a ƙarshen fita. Masu nazarin atisayen manyan 'yan tsere sun lura cewa kusan kashi 80 cikin 100 na gudunsu a natse suke yin sa, kuma kuskuren da ya fi yawa a wurin irinmu shi ne kowace fita ta zama ƙaramin tsere da abokai.

A wannan wata na farko ka nemi ƙasa mai taushi kuma shimfiɗaɗɗiya, kamar filin ƙwallon makarantarku, maimakon gefen kwalta da ke karkace, wanda ke sa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ɗaukar nauyi. Sau biyu a mako ka ware minti 20 don ƙarfafa ƙafa: ɗaga diddige a bakin matakala kana saukewa a hankali, tsugunno da tashi, da tsayuwa a ƙafa ɗaya. Ka kuma duba kambas ɗinka. Yawancin takalman gudu suna mutuwa ne tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kuma idan da wanda ka yi shirin Legas ka kuma yi tseren da shi kake fita har yanzu, to mai yiwuwa yana da hannu a ciwon nan. Na gwanjo kuwa sai an lura, domin samansa kan yi kyau alhali ƙasansa ya riga ya gama aiki.

Sai maganar zafi, wadda ba na so ka ɗauke ta da wasa. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Katsina yakan haura 40 da rana, don haka lokacinka ɗaya ne, daga sallame sallar Asuba zuwa fitowar rana. Jiki yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki a cikin zafi. Ka auna nauyinka kafin ka fita da bayan ka dawo, domin duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa da ta fita, sai ka mayar da ita a hankali cikin yini, tare da abinci mai ɗan gishiri ko ruwan gishiri da sukari idan gumin ya yi yawa. Jiri, ko tsigar jiki tana tashi a cikin zafi, ko ruɗewa, alamu ne na a tsaya nan take a nemi inuwa da ruwa. Fitsari mai duhu kamar baƙin shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani kuwa maganar asibiti ce a ranar. Idan ba ka san rukunin jininka na sikila ba ka je a gwada, domin masu AS suna da yawa a cikinmu, suna kuma gudu lafiya lau, amma haɗuwar zafi da ƙishirwa da tsananta wa kai ta fi yi musu haɗari. Kada ka taɓa yin gudu da zazzaɓi a jikinka. Idan kuma bayan wata guda da komawa numfashin bai daidaita ba, ka nemi a auna yawan jininka, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini suna rage wa mai gudu ƙarfi ba tare da ya ankara ba. Tun da duhu-duhu kake fita, ka sa riga mai haske, ka fuskanci motocin da ke tahowa, ka tsaya a hanyoyin cikin gari inda akwai jama'a, kuma ku kasance ku biyu ko uku.

Okpekpe tsere ne mai kyau, kilomita 10 ne a arewacin Jihar Edo, ana yin sa tun 2013, kuma ya yi suna da tuddai. Nan ne matsalar take. Kai da ke atisaye a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Katsina, da ƙwauri mai ciwo, da mako biyar ko shida kacal a gabanka, za ka je ka hau tudu ka gangara a cikin abokai waɗanda ba za ka yarda su bar ka a baya ba, gangara kuwa ita ce ta fi dukan ƙwauri. Ka ba su haƙuri, ka adana kuɗin motar don sabon takalmi.

Mu dawo ga awa 4. Lokacin da ka yi a Legas yana nufin minti 6 da daƙiƙa 50 a kowace kilomita. Wanda zai gama cikin awa 4 kuwa dole ya riƙe minti 5 da daƙiƙa 41, wato ya rage sama da minti ɗaya a kowace kilomita, sau 42 a jere. Ban ce ba zai yiwu ba. Mutane da yawa suna samun babban ragi a tserensu na biyu, musamman waɗanda tafiya ta cinye musu lokaci a na farko, kamar kai. Amma kilomita goman nan na ƙarshe su ne suka fi komai bayani a wasiƙarka, kuma ina so ka zauna ka amsa wa kanka tambayoyi uku a kansu: kilomita nawa kake yi a mako a watanni ukun da suka gabaci tseren, mene ne gudu mafi tsawo da ka yi, kuma cikin wane lokaci ka ci rabin farko? Sukarin da jiki ke tanadarwa a tsoka da hanta ba ya wuce abin da zai kai mutum kilomita 30 zuwa 35, kuma yana saurin ƙarewa idan aka fara da gaggawa, abin da ke da sauƙin faruwa a Legas, inda a tseren da ka shiga dubban mutane suka tashi tare daga filin wasa na Surulere, ga kuma doguwar gadar nan ta Third Mainland mai kusan kilomita 12 tana jiran kowa tun ƙarfi bai ƙare ba. Maganin wannan abu uku ne: yawan kilomita a mako, haƙuri a rabin farko, da cin wani abu a kan hanya, giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, wanda ƙananan dabino shida zuwa goma za su iya ba ka idan ka saba da su tun a atisaye.

Akwai hanyar da ake bi a san burin da ya dace da mutum ba tare da kintace ba. Wani injiniya Ba'amurke, Peter Riegel, ya fitar da lissafi a 1977 da ke hasashen lokacin dogon tsere daga na gajere. Bisa wannan lissafi, wanda ya yi kilomita 10 cikin minti 52, ko kilomita 21 cikin awa 1 da minti 55, yana iya gama fanfalaki cikin awa 4. Sai dai lissafin yana kyautata zato ga wanda ba ya tara kilomita masu yawa a mako, saboda haka ni zan ce sai ka ga minti 50 a kilomita 10, da kamar awa 1 da minti 50 a kilomita 21, kafin ka ɗauki awa 4 da gaske. Idan gwajinka na kilomita 21 ya tsaya a awa 2 da minti 5, to burin da ya dace da kai a baɗi awa 4 da rabi ne, kuma rage minti 18 tare da gama tsere da gudu tun daga farko har ƙarshe nasara ce babba. Na ga abin takaici sau da yawa, mutum ya ɗauko adadi don ya yi daɗin faɗi, ya bi saurinsa a rabin farko, ya ƙare da lokacin da ya fi na bara muni. Don haka idan lokaci ya yi ka sa buri hawa uku, na ƙasa shi ne ka gama ba tare da tafiya ba, na tsakiya wanda gwaji ya nuna, na sama kuma wanda za ka nema bayan kilomita 32 kawai, idan ka isa can da sauran ƙarfi.

Shekarar Katsina da kanta ta raba maka aikin. Sauran bazara na gyaran ƙafa ne da komawa a hankali. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin tara kilomita, domin gari yakan yi sanyi da safe. Ka yi ƙoƙarin kaiwa kilomita 40 zuwa 50 a mako a kwana huɗu ko biyar, ka kuma kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓi ɗaya yana iya rushe aikin wata guda. A cikin Agusta ka gwada kanka a kilomita 10, kuma idan ka sami damar shiga filin wasa na Muhammadu Dikko ko wani fili mai zagayen mita 400, zagaye 25 ke nan cif, wanda ya fi ma'aunin waya gaskiya. Shirin fanfalaki na sosai mako 16 ne, wato daga ƙarshen Oktoba idan tseren yana tsakiyar Fabrairu, kuma a cikin Nuwamba za ka yi gwajin kilomita 21 da zai yanke maganar buri. Dogon gudun ƙarshen mako ya riƙa ƙaruwa har ya kai kilomita 30 ko 32 sau biyu ko uku, a natse, sa'annan ka sassauta a mako uku na ƙarshe. Ranar da hazo ya yi kauri a hunturu ka rage ko ka ɗage, musamman idan kana da tari ko asma.

Wani abu da 'yan Arewa ke mantawa shi ne, muna shirin Legas ne a cikin ɗari da busasshiyar iska, inda gumi ke bushewa nan da nan ya sanyaya jiki, sai mu je mu tarar da iska mai laima wadda gumi ba ya bushewa a cikinta. Ina kyautata zaton wannan ma ya taimaka wajen karya ka a kilomita na 32. A mako biyu na ƙarshe ka mayar da wasu gajerun fitarka zuwa hantsi, ko ka ƙara riga, don jiki ya tuna da zafi. Idan da mota za ka, tafiyar ta haura kilomita dubu, don haka ka isa da kwana biyu a hannu ƙafa ta saki. Ka kuma duba kalanda tun yanzu, domin azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 a kowace shekara. Idan ranar tseren ta faɗa cikinsa, sai ka nemi wani tseren a wani wata. A azumi mai zuwa kuma kada ka ajiye kambas gaba ɗaya: minti 20 zuwa 30 na sassarfa sau biyu ko uku a mako, bayan Tarawihi ko dab da shan ruwa idan gari ba zafi, ya isa ya hana ka sake faɗawa inda kake yau.

Game da kasalar da ka ambata, ba kai kaɗai ba ne. Mutum ya yi watanni komai nasa yana fuskantar rana ɗaya, ranar ta zo ta wuce, dole ya ji wani irin fayau. Abin da ke taimakawa shi ne ƙaramin buri na kusa wanda yake hannunka, misali fita uku a wannan mako, ka rubuta a littafi ka yi masa alama, da kuma aboki ɗaya mai haƙuri da zai jira ka a ƙofar masallaci. Ka zauna da iyalinka tun kafin Oktoba ku yi maganar safiyar Asabar, domin dogon gudu yakan ci awa uku, gajiyarsa kuma ta ci sauran yinin, kuma shirin da mai ɗaki ba ta amince da shi ba ba ya kai mako 16. Idan kuwa kasalar ta wuce gudu ta shafi barcinka da cin abincinka da aikinka a aji har tsawon makonni, to wannan ma ka gaya wa likita.

A wannan mako dai kada ka yi gudu. Ka duba ƙwaurin kamar yadda na bayyana, ka yi tafiya ko ka hau keke idan ba ya tayar da ciwon, ka je asibiti idan zafin a wuri ɗaya yake ko kuma ya wuce kwana goma bai ragu ba. Idan Allah ya kai mu Agusta ka yi gwajin kilomita 10, ka rubuto mini da lokacin da ka samu, da yawan kilomitar da kake yi a mako, da halin da ƙafar take ciki, sai mu tsara watannin Oktoba zuwa Fabrairu a kan abin da ka kawo. Allah ya ba ka lafiya, ya kuma sa a yi a sa'a.